Inda Aka Ajiye Kujerar Hiske

"A duk ƙasar nan ɗakuna uku ne ake jin kiɗa yadda ya kamata kunnen ɗan Adam ya ji shi," in ji Folkert Brandsma, "falona ne ɗaya, kuma sauran biyun ban gama yarda da su ba."

A kwance ya faɗi haka, ni da matarsa Hiske muna tura gadon asibitin da aka kawo masa gida. Waɗanda suka kawo gadon a bakin taga suka ajiye shi, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya zaɓi ya ƙarasa kwanakinsa a gidansa, don ya riƙa ganin titi da masu wucewa a keke. Folkert ya ce ya gama kallon kekuna. Tsakiyar falo yake so, inda nisan kunnensa da lasifikar dama zai zo daidai da na hagu.

Bango ɗaya ya raba gidana da nasu a wani layi a garin Zwolle. Tarihi nake koyarwa a sakandare, shi ya sa yake kirana Farfesa, ba don girmamawa ba. Shi awon filaye ya yi har ya yi ritaya, da filaye suka ƙare masa sai ya koma awon falonsa. Ya fitar da kabad ɗin gilashin da Hiske ta gada, wai yana karkarwa idan an buga ganga. Ya sa labule mai kauri, ya manna soso a kusurwoyi don ya shanye amsa-kuwwa. Agogon bango ya koma kicin. Hiske ma haka.

Shigowar gado ta rushe duk wannan lissafi, don haka dole a sake awo, kuma ni ne hannunsa. Na kafa makirufo a kan matashi kusa da kunnensa, na kunna kwamfuta, lasifikokin suka saki wani sauti mai fara da gurnani ya ƙare da fito. Kwamfutar tana sauraron yadda bango ke dawo da shi, ta gyara abin da ya karkace. An kashe firiji, an roƙi Hiske ta jira a waje. Da aka gama ya sa na ɗora masa faifai, ya lumshe ido, fuskarsa ta saki irin sakin da maganin likita bai iya sa ta yi ba.

Sai Hiske ta shigo da kujera, ta ajiye a gefen gadon, ta zauna, ta kama hannunsa.

Bai daɗe ba ya buɗe ido. "Hiske, kin zauna a kan masu gogen da ke cikin faifan."

Ta ce ita dai ta san kusa da mijinta ta zauna. Ya yi mata bayani cikin haƙuri, yana hutawa tsakanin kalmomi, cewa jikin mutum buhun ruwa ne mai shanye sauti, kuma nata ya tare lasifikar hagu gaba ɗaya. Akwai wuri mai kyau can bayan gado, kusa da ƙofa.

"Tun da ka yi ritaya ta bango nake jin kiɗanka, kamar Farfesa," in ji ta. "Yanzu a nan zan zauna, tsoho. Ka auna ni tare da ɗakin."

Ban taɓa jin ta musa masa ba, ina jin shi ma haka. Ya dube ta kamar wanda aka kawo wa sabon fili, ya ce a sake kunna kwamfuta.

Muka yini muna matsar da kujerar kaɗan-kaɗan. Hiske tana zaune, hannu a cinya, tana riƙe numfashi duk lokacin da fiton ya tashi. Ni ina riƙe masa kwamfutar yana duban layin da ke hawa da sauka. Can wajen la'asar layin ya kwanta, ya sa na manna salatif a ƙasa daidai ƙafafun kujerar.

"Ka gani, Farfesa? Kowa yana da wurinsa, idan aka yi awo."

Wurin nata ya ɗan ja baya. Daga nan hannunta ba ya kaiwa ga nasa sai ta zauna a bakin kujerar ta sunkuya. Na nuna masa, ya ce hannu ba ya cin sauti sosai, tana iya miƙo shi.

A kicin na ce mata ta matso da kujerar kawai, ai daga kan gado ba ya ganin ƙasa. Ta ce ba ya gani, amma yana ji. Ta ce likita ya karɓe masa abincinsa, nas ta karɓe wankansa, ƙafafunsa sun daina yi masa biyayya, wannan kaɗai ya rage masa da zai ce haka ne a bar shi a haka. 

Haka ta ci gaba da zama. Duk lokacin da na leƙa da burodi ko miya, tana nan a sunkuye, tana riƙe da yatsunsa. Nas ta yi mata faɗa, Hiske ta ce to, ba ta matsa ba. Folkert ya daina magana, sai dai ya ɗaga yatsa idan yana so a juya faifai.

Ranar wata Talata da rana, ana yayyafi, na ji an ƙwanƙwasa bango. Na same shi idonsa a rufe kamar kullum, kiɗa yana tashi a hankali. Hiske ta ce ya tafi, ta riga ta kira likita. Ta roƙe ni in kashe na'urar, don ba ta san wane maɓalli ake dannawa ba.

Na kashe. Muka zauna muna jin ruwa a kan gilashin taga har ƙararrawar ƙofa ta buga. Ta mayar da hannunsa kan bargo, ta yunƙura za ta tashi, bayanta ya ƙi miƙewa. Na miƙa mata hannu, ta girgiza kai. A sunkuye ta tafi buɗe wa likita, tana dafa bango, a hankali.