Bugu Ɗaya a Ƙofar Gidan Baba

Ni Uwaliya, 'yar Malam Jelani na Wurno, aure ya kai ni Tursa gidan manomin albasa, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Mutumin nawa, wanda jama'a ke kira Mainasara, ba shi da rowa, ba shi da faɗa, hannunsa kuma na da albarka a fadama. Aibinsa ɗaya ne tak, shi ma mai taya biyu.

Shekarar da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo, albasa ta yi kyau, sai ya sayi babur a hannun wani malamin gona da ya aje aiki. Tun a lokacin babur ɗin tsoho ne, baƙi wuluk, mai salansa biyu, in ya tashi sai ka ce daka ake yi a gidan biki. In fa ya tashi. Sandar kik ɗinsa ta riga ta gaji da duniya. Haƙoran da ke riƙe ta a jikin ƙarfen injin sun cinye sun yi sumul, ka taka ta sai ta tafi ƙasa a banza, injin ko tari bai yi ba. Don haka da turi yake tashi, ko a gangare. A Tursa wannan ba abin kunya ba ne, don babu namijin da bai taɓa tura shi ba, har liman.

Wurno ce matsalar. Babana mutum ne mai rakiya. In ka zo gaishe shi, sai ya tako da kai har ƙofar gida, ya harɗe hannuwa a baya, ya tsaya yana kallonka har ka ɓace masa. To ku auna suruki a kan babur yana ta shurin iska, gumi na zuba, malamin da ya ba shi 'ya yana tsaye yana jira. Ko abin da ya fi wannan muni, Baba ya tattare riga ya ce bari ya tura. Mutumin nawa ya ce gara ƙasa ta tsage ya shige.

Saboda haka duk zuwan da za mu yi, sai ya ajiye babur ɗin can bayan gari, a kan wani tudu mai gangare, ya bar wa mai rake ajiya. Daga nan mu taka a ƙasa, shi a gaba yana kaɗa hannu kamar mai shan iska, ni a baya da kwandon albasa a ka. Haka za mu ratsa unguwar da aka haife ni, kowa na yi mini sannu da tafiya. Ƙanwata Kaltume kuwa, bakinta ba ya ajiya.

"Yaya," in ji ta, "an ce kuna da mashin. Ko dai ga hoto shi ke?"

Na haɗiye wannan shekara da shekaru. Amma da Kaltume ta haihu aka sa ranar suna, na san dangi kaf za su taru, sai na ji haƙurina ya ƙare. Na ajiye masa fura, na tsaya a kansa.

"Wagga tahiya ba ni taka ta ƙasa. Ko a sauke ni ƙohwar gidanmu kowa shi gani, ko ka tahi kai ɗai."

"Uwaliya, kin san halin abin ga."

"Na san shi sarai. A gyara mai hali."

Ya fara da dabarun gida. Ya yanko gwangwanin madara ya naɗa a ƙarfen, ya mayar da sandar ya ɗaure noti tamau. Ta kama sau biyu, na uku ta tauna gwangwanin ta tofar. Ya kafa ƙusa a tsakani ya buga da guduma. Wannan karon da ya taka, sandar gaba ɗaya ta fice ta tashi sama, ta tsallake danga ta faɗa cikin tukunyar jiƙon maƙwabciyarmu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, sannan na tuna a kaina abin zai ƙare, dariyar ta tsaya.

Washegari aka tura masa babur ɗin ya nufi Goronyo wurin Mode mai walda, wanda ke gyaran injinan ban ruwa. Ban je ba, amma an ba ni labarin har na fi mai shi iyawa. Mode ya shafa ƙarfen da yatsa, ya taɓe baki, ya ce hanya biyu ce. Ko a buɗe injin a canza ƙarfen, in har akwai irinsa a Sakkwato, shi kuwa bai ga alama ba. Ko kuma ya liƙe sandar da ƙarfen su zama abu guda.

"Amma ka sani," in ji Mode, "in na liƙe ta, ta liƙu ke nan. Ran da za a buɗe injin ga, sai an yanke ta."

"Liƙe, Mode. Ran da za a buɗe ba ta dame ni ba, ran suna tad dame ni."

Mode ya jiƙa tsumma ya naɗe gindin ƙarfen, kada zafi ya ƙone robar da ke tare mai. Ya daidaita sandar a tsayen da ya kamata, ya ɗiga wuta kaɗan, ya jira ta huce, ya sake ɗigawa, har ya zagaye ta. Sai mutumin nawa ya lura da wurin taka ƙafa na sandar. Robarsa ta faɗi tun zamanin malamin gona, ƙarfen ya goge yana sheƙi. Ya ce shi fa ba ya son takalmi ya zame masa a gaban mutane. Mode ya ce wannan mai sauƙi ne, ya bi matakin ya ɗiɗɗiga masa walda tsini-tsini kamar ƙayar aduwa. Mutumin nawa ya ga wannan ya ce duk ƙasar Rima babu mai hikimar Mode.

Ranar da ya dawo, Tursa ba ta huta ba. Ya tsaya a ƙofar gida ya kashe babur ɗin da kansa, abin da bai taɓa yi ba sai a kan tudu. Ya ɗora takalminsa na taya, ya taka. Injin ya amsa nan take! Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ya kashe, ya taka, ya tashi. Ya sake kashewa. Awaki suka tsinke igiya, kaji suka hau rumbu, maza suka taru kowa na cewa a bari shi ma ya taɓa. Liman ya zo wucewa ya ce alhamdu lillahi, bayansa zai huta. Sai da mai ya kusa ƙarewa na samu ya shigo ya ci tuwo, yana ci yana murmushi shi kaɗai.

Ranar suna na ci ado, na ɗaura sabon kallabi mai ruwan goro. Muka shiga Wurno a kan babur, tun daga bakin gari har cikin unguwarmu, salansa biyu na shelar zuwanmu. Ya tsaya daidai ƙofar gidan Baba, ya ɗan murza mai sau ɗaya don waɗanda ke can ciki su ji, sannan ya kashe. Na sauko a hankali, ba don tsoron faɗuwa ba, don kowa ya samu ya gani. Mata suka leƙo ta zaure. Da na shiga ɗaki, mai jego ta riga ta samu labari.

"Yaya, ashe da gaske na!"

"A'a," na ce, "hoto na."

Wunin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba don daɗi. Na ci, na yi rawa, na ba kowa labarin Mode ko bai tambaya ba.

Bayan la'asar muka yi sallama. Na fito na tarar da Baba ya riga ya tako rakiya, hannuwa a baya, dattawa biyu na gefensa. Mutumin nawa yana durƙushe yana karɓar addu'a, takalmansa a hannu, don tun da ya auro ni bai taɓa tsayawa gaban Baba da takalmi a ƙafa ba. Aka shafa. Ya miƙe, ya cusa takalman cikin kwandon da ke ɗaure a baya, ya hau. Na hau bayansa. Sai idona ya sauka kan matakin nan mai tsini, ya koma kan tafin ƙafarsa.

Duk gwajin da ya yi, da takalmi ya yi shi. A da kuwa, kafin mu kai tudun mai rake Baba ya daɗe da shiga gida, babu wanda ya taɓa tunanin wannan.

Na so in ce masa ya sa takalmi, amma yaya zan yi wa miji magana a gaban ubana? Na yi tari. Na ƙara yin tari. Mutumin nawa ma ya gani. Na ga ya dubi matakin, ya waiga ya dubi kwandon, ya saci kallon Baba. Baba dai yana tsaye, fuskarsa a sake, ba shi da niyyar zuwa ko'ina.

"Bismilla," in ji Baba, "ku kama hanya, dare na yi."

Mutumin nawa ya ɗora ƙafa, ya miƙe, ya sauke duk nauyinsa. Wallahi sai da na ji abin a tafin ƙafata. Injin ya ɗauka, bugu ɗaya.

"Madalla da mashin!" in ji Baba.

"Allah shi ƙara ma Baba lahiya," ya amsa, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ya ja mu a hankali, cikin natsuwa, har yana ɗaga wa dattawa hannu, har muka sha kwana.

Muna fita gari na shiga dukan bayansa sai da ya tsaya a bakin wata hanyar ruwa, kusa da gonakin shinkafa. Na duƙa na ɗaga ƙafar. Tsinin nan ya huda ta wuri-wuri, ya yage gefe, jini ya bi diddige ya jiƙe bakin wando. Ina ɗebo ruwa da tafin hannu ina wankewa, hawaye na zubo mini, shi kuwa gogan dariya yake yi har kafaɗunsa na rawa.

"Kin jiya? Bugu guda! Kin ji mi Baba yac ce? Madalla da mashin!"

"Mi ya hana ka ɗauko takalminka, kai ko?"

"Gaban Baba?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. Sai kuma ya rage murya. "Uwaliya, tsakani da Allah, ya ga na ɓata huska?"

Na kwance sabon kallabina na naɗe ƙafar, na ƙulle da ƙarfi.

"Bai ga komi ba," na ce.

Ban taɓa jin sonsa kamar na wannan lokacin ba. Ban dai gaya masa ba. Na ciro takalman daga kwando, na durƙusa na sa masa da hannuna.