Dutsen Aro

"Kawu Delbert, kashe motar nan!" Lorinda ta sha gaban a-kori-kurar, ta riƙe ƙugu. "Asibiti likita ya ce, ba jeji ba!"

Delbert bai kashe ba. Ya dubi maƙwabcinsa Malam Etsitty, uban Lorinda, wanda ke gefensa rungume da tukunyar iskar numfashi ta asibiti, ga baƙin dutse a cinya. Ƙurar ramin yuraniyom da ya shaƙa yana saurayi ta gama cinye masa huhu.

"Matsa, 'yar nan," in ji tsohon. "Likita bai ara mini komai ba. Wannan kuwa aro ne."

Shekara da shekaru yana koyar da ilimin duwatsu a kwaleji, bai taɓa ɗaukar dutse ba sai ya barbaɗa garin furen masara bisa al'adar kakanninsa, ya yi alkawarin mayarwa. Darasinsa ma zagayen rana yake bi: gabas tunani, kudu shiri, yamma rayuwa, arewa natsuwa. Tun da ciwo ya kama shi Delbert ke yawo da shi suna mayar da duwatsun. Saura na arewa.

"Baba, kwaleji ta ce za ta sa shi a gilashi da sunanka."

"Su sa shugabansu a gilashin."

Ta yi tsaki, ta buɗe ƙofa ta matsu kusa da ubanta.

Da suka isa gindin baƙin tsaunin, ƙafa ta ƙi ɗaukar tsohon.

"Yaya, kawo in ajiye maka," in ji Delbert.

"Kai ka aro? Kai da ba ka bambance dutse da kashin tumaki!"

"To, hau, masifaffe."

Ya goya shi, Lorinda na biye da tukunya. Ba nauyi ko kaɗan, kamar buhun ulu. Tsohon ya yi ta nuni da leɓe har suka kai wata tsaga. Ya tura dutsen, ya zauna daram. Ya barbaɗa garin, ya jingina yana haki.

"Baba," in ji Lorinda, "wai wannan baƙin dutsen jinin dodon da kakanni suka ce an kashe ne, ko narkakken dutse?"

"Wanda ya rubuta ɗaya, rabin maki."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan, rai ya yi halinsa. Can Delbert ya miƙa hannu ya rufe tukunyar, hucinta ya tsaya. Daga nan ba wanda ya sake kiran sunan tsohon, don a al'adarsu ba a kiran sunan mamaci. Garin yana nan rawaya bisa baƙin dutsen, iska na kwasarsa kaɗan-kaɗan.