Ajin Ƙarƙashin Bene

Makarantarmu ta horar da ma'aikatan laburare masu neman digiri na biyu ta kusa cika shekara arba'in, sai aka ɗora mini rubuta tarihinta, tunda ni ke koyar da adana kundaye. Wata biyar na yi ina tonon tsofaffin fayiloli. Kwana biyu da miƙa aikin, Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya turo mini shafi tara da ya zagaye da jan biro.

"Malama, babin farko zai fita. Mu fara daga shekarar da aka buɗe ginin nan."

"Ranka ya daɗe, ai an yi shekara huɗu ana karatu kafin ginin."

"A ƙarƙashin bene! Kuma wa ke koyarwa? Mai ɗinkin littafi, ko digirin farko ba shi da shi. So kike baƙi su yi mana dariya?"

Mai ɗinkin nan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Lokacin da majalisar jami'a ta hana sabuwar makarantar aji, malamin da aka ɗauko ma ya tattara nasa ya nasa bayan zango ɗaya, Kawu ne ya share ɗakin ajiyar tsintsiya da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, ya jera benci biyu, ya ci gaba da koya wa ɗalibai bakwai rarraba littattafai da rubuta kati. Rajistarsu tana hannuna.

Na ce, "Sunanka ne na uku a ciki, ranka ya daɗe."

Ya haɗe rai. "Na gama magana."

"To a cire sunana daga littafin. Ni ba na yanke wa tarihi kai."

Da yamma na biya gidan Kawu. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma da ya ji labarin sai da ya yi dariya har da tari.

"Dogo ne, wai Shugaban naku, ya faɗi haka? Wanda kullum sai goshinsa ya gaisa da bene? Ƙyale shi, 'yata. Ni ban yi don a rubuta ba."

"Kawu, kai ka yafe. Ni ban yafe ba."

Cikin sauran ɗalibai shidan, huɗu suna raye. Na nemo lambobinsu, na karanta wa kowa shafukan ta waya. Ɗaya daga cikinsu, wata dattijuwa da ta shugabanci laburare har uku, ta ce, "Ba ni lambar Dogo." Ban san me ta gaya masa ba. Na dai san su huɗun sun rubuto takarda cewa in babu babin, kada a ajiye musu kujera a bikin cika shekara arba'in ɗin.

An buga babin, amma a can ƙarshen littafi, da ƙananan haruffa kamar takardar magani. Ni kuma aka sallame ni daga kwamitin biki. Ko a jikina. Ran taron na riƙo hannun Kawu, muka ratsa tsakiyar zaure, na zaunar da shi a layin gaba, inda ba wanda ya rubuta sunansa. Dattijan huɗu suka miƙe, sai kowa ya miƙe.

Bayan an watse, Shugaba ya tare ni a baranda.

"Hankalinki ya kwanta ke nan?"

"Da saura, ranka ya daɗe. A bugu na biyu, gaba zai dawo."