Ranar da Aka Miƙa Min Dastar Allo

Ni da kuke gani, sau biyu mota tana kifewa da ni ina tashi ina karkaɗe riga. Likita ya taɓa ba ni sati ɗaya a duniya, yau shekararsa tara a ƙasa. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da ya rage ni ba. Sai ga makaranta ta ƙwace wayar jikata Gajera, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, wai sai ƙarshen zango. Laifinta? Sau uku tana amsa kira ana darasi. Mai kiran kuwa ni ne.

Na ɗauki sandata na nufi makarantar. Na tarar an jera kujeru kamar za a ji ɗumin wuta, ashe ranar 'yan ajin ke tattauna dokar waya. Malaminsu, wani siririn yaro mai tabarau, ya ba ni kujera.

"Baba, ƙa'idarmu biyu ce. Mai dasta a hannu kaɗai ke magana. Kuma kafin ka ce naka, sai ka maimaita abin da na gabanka ya faɗa har ya yarda."

"Yaro, shekara arba'in na yi a tasha. Can wanda ya fi maƙogwaro shi ke da gaskiya."

"Baba ba shi da dasta," in ji monita, wani mai kunnuwa kamar faifai. Na ƙyale shi don kada a ce na biye wa yaro.

Monita ya ce ƙarar waya na tsinka masa lissafi. Wata ta maimaita, sannan ta ce ai minsharinsa ma na tsinka nata. Dasta ta zaga har hannun Gajera. Ta yi magana kanta a ƙasa, ni kuwa ina can ina wasa wuƙar tawa maganar. Tana gamawa na fizge dastar.

"Maimaita tukuna, Baba."

"Ta ce a ba ta wayarta."

"Ba haka na ce ba, Kaka."

"Ta ce dokar banza ce."

"Tsoho, kai ka ce," in ji Gajera.

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce in ban maimaita daidai ba, ba ni da bakin roƙa mata komai. Ya sa ta sake faɗa. Wannan karon na kasa kunne, na kuma ji abin da ban so ba. Na dubi ƙofa, na dubi Gajera. Na miƙe.

"Ta ce kakanta na da kwalaben magani uku, bai iya karanta ko ɗaya ba. Ta ce in ba ta ɗauki kiransa ba, wanda hannunsa ya faɗa kai yake sha. Ta ce doka daidai ce, tsoro ne ya sa ta karya."

"Haka na ce," in ji ta.

Ko matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa jin wannan a bakina ba.

Mai kunnuwan nan ya nemi dasta, ya maimaita nawa tsaf, har da tarin da na yi. Ya ce a mayar da wayar, ta riƙa zama a akwati har a tashi kamar ta kowa, kwalabe kuma a ɗaura musu zare: ja na safe, fari na rana, baƙi na dare. Hannaye suka tashi. Nawa ya fi na kowa tsawo, ko da yake an ce ba a ƙirga shi.

A hanya Gajera ta ce, "Kaka, ashe kana jin magana."

"Maimaita abin da na ce tukuna."

"Ai ba ka ce komai ba."

"To kin gani. Da na buɗe baki, da yanzu ni ne hedimasta."