Fuskar Maiturare

Shekarar da aka fara shari'a, Baba Maliki, yayan mahaifina, ya tattara duk kasusuwan finafinan Indiya da ke gidanmu na bayan Kusugu ya zuba a buhu, ya ce rawa da waƙa sun ƙare a wannan gida. Kaset ɗaya ya bari. Wani direba abokinsa ne ya kawo shi daga Damagaram, ba kwali ba suna. Katun ne na wata yarinya mai jan gashi da ke yawo a sama cikin kwale-kwale, riƙe da fitila. Baba Maliki ya ɗan kalla daga tsaye, ya ga ba mai karya kwankwaso, ya ce wannan na yara ne, a bar musu.

Sai dai mutanen ciki ba Turanci suke yi ba, ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Mukan zauna baki sake muna kallon bakinsu yana motsi. Ran nan Goggo Zuwaira, autar su Baba, wadda a lokacin budurwa ce, tana gefe da tire tana tsintar shinkafa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Ba ku ji me ta ce ba? Cewa ta yi yunwa take ji." Tun daga ranar ba mu sake kunna kaset ɗin ba sai tana kusa.

Ita ta raɗa wa yarinyar suna Haulatu. Akwai kuma wani dogon mutum mai baƙar alkyabba, fuskarsa rufe da ƙarfe, hayaƙi na tashi daga jikinsa, kullum yana biye da kwale-kwalen. Goggo ta ce sunansa Maiturare, kuma uban Haulatu ne. Gobara ce ta ɓata masa fuska, yana jin kunyar 'yarsa ta gan shi, shi ya sa yake binta daga nesa yana tsaronta. In ya jefo mata wuta, Goggo ta ce hanya yake haska mata. In ya fasa mata kwale-kwale, ta ce ya lura katakon ya ruɓe ne. Muryarsa daga can ƙasan maƙogwaro take fito da ita, har Iya, kakarmu, ta leƙo ta ce za ta ɓata muryarta kafin ta samu miji. Kaset ɗin ya ƙare a daidai inda Maiturare ya kai hannu zai cire ƙarfen fuskarsa, daga nan sai kokawar Nijar da wani ya naɗa a kai.

A wannan lokacin mahaifina ya tafi ci-rani ta hanyar Agadas, kuma ba saƙo ba labari. Har yau babu. Ban taɓa haɗa wannan da Maiturare a baki ba, amma ni ce nake zama gaba da kowa.

Musaddiq, ɗan Baba Maliki, shi ya tono zancen bayan duk mun girma. Ya turo hoto a dandalin wayarmu na 'yan gida: Haulatu ce, gashin ya ɗan koma ruwan goro, ido ya ragu. Ya ce abin nan namu ba katun ba ne, anime ake ce masa, na Japan ne, kuma masu shi sun fitar da sabon kashi na musamman don bikin cikarsa shekara talatin. Ya ce duniya ta ɗauka. Masu sonsa daga ƙasa-ƙasa suna ta zage-zage, wasu kan launin gashi, wasu kan an canja mai muryar yarinyar, yawanci kuma kan ƙarshen. Shi ma yana cikin masu zagin, kullum sai ya rubuta cewa an ci amanar na asali.

Sannan ya ƙara da abin da ya fi ba shi daɗi. Ya nemo tsohon gaba ɗaya da fassarar Turanci a ƙasa, ya kalla. "Jama'a," ya rubuta, "Goggo Zuwaira ta yi shekaru tana shara mana ƙarya. Maiturare ba uban kowa ba ne. Shi ya ƙone garinsu, fitilar yake son ƙwacewa. Wutar nan kashe ta yake son yi!" Fuskokin dariya suka cika wayar. Zubaida, yayarsa, ta rubuta cewa ita dama tana zargi. Goggo ba ta cikin dandalin, wayarta ta kira ce kawai.

Ni ma na sayi data na kalli sabon kashin, ni kaɗai a ɗaki. Musaddiq bai yi ƙarya ba. Mugu ne. Kuma a ƙarshe, da ya cire ƙarfen da muka yi shekaru muna jira, babu komai a ciki. Ba ido, ba hanci, sai hayaƙi. Yarinyar ta ɗaga fitila ta haska shi, ya watse.

Sunan jaririn Zubaida ya tara mu duka a Daura. Goggo ta zo daga Sandamu, inda take aure, da galan ɗin man gyaɗa da 'ya'yanta. Washegarin suna, da hantsi, na tarar da Musaddiq a falo yana haɗa kwamfutarsa da talabijin, zai nuna sabon kashin.

"Fadila, zo ki riƙe mini waya an jima," ya ce. "Hannunki ba ya rawa."

"Me za a ɗauka?"

"Goggo mana. Zan riƙa karanta ainihin fassarar da ƙarfi, ke kuma ki saita fuskarta. In an zo wurin cire ƙarfen nan, in tambaye ta ina uban. Wallahi sai ya zaga duniya. Har suna na tanadar masa."

"Yaya Musaddiq, a gaban 'ya'yanta?"

"To me? Wasa ne. Ke komai sai kin mai da shi zaman makoki."

Na juya na bar masa falon. Haka nake, maganata sai an watse take zuwa. Na fita tsakar gida na samu Goggo tana wanke manyan tukwanen suna, yara sun kewaye ta. Murja, babbar 'yarta, tana gaya wa sauran cewa yau za su ga Maiturare da idonsu. Ashe duk shekarun nan Goggo tana ba su labarin a Sandamu, ba kaset ba talabijin, da baka kawai, da muryar da komai.

"Mama ce ta fassara shi tun ba a haife mu ba," in ji Murja. "Ita kaɗai ke jin yarensu a duk Daura."

Goggo ta yi dariya ta watsa mata kumfa. "Ke dai kin cika baki."

Na tsuguna kusa da ita na ɗauki soso. Na so in gaya mata, sai na tsinci kaina ina tambayar, "Goggo, me ya sa kika ce ubanta ne?"

Ta dube ni sau ɗaya, ta koma kan tukunya. "So nake ku yi shiru in gama tsintar shinkafa. Miƙo tokar nan."

Bayan la'asar falo ya cika. Yara a ƙasa, mu a kujeru, Iya a bakin ƙofa da carbinta wai iska take sha. Goggo ta zauna kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta gyara ɗankwali. Musaddiq ya miƙo mini waya, na ce hannuna da maiƙo. Ya harare ni ya ba Zubaida.

Kiɗan farko na tashi, duk muka yi tsit. Shi ne dai, wanda muke bi da baki muna yara. Sai ga kwale-kwalen ya keto gajimare. Haulatu ta buɗe baki, Goggo ta ja numfashi za ta fara, Musaddiq ya riga ta.

"Ta ce, 'Yau zan ɗauki fansar garinmu a kan wanda ya ƙone shi.' Haka aka rubuta a ƙasa. Goggo, ke me kika ji?"

Aka ɗan yi dariya. Goggo ma ta yi.

Maiturare ya bayyana, yara suka yi ihu. Musaddiq ya ɗaga murya: "Ya ce, 'Ba ni fitilar, ko in aika ki inda na aika iyayenki.' Iyayenki, Goggo! Uba ne ke faɗin haka?"

Wannan karon dariyar ta yi ƙarfi. Murja ta juyo ta kalli uwarta. Goggo ta janye ƙafafunta, ta rufe su da zane, ta ce, "To ai ku ne 'yan boko." Ta shiga duba farcenta. Zubaida ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Mama, ba babanta ba ne?" in ji Murja.

Goggo ta fara laluben takalminta, wai ta bar ruwa a wuta.

Kwamfutar tana kan teburi kusa da gwiwata, rimot kuma a hannun kujerata. Ban tsaya shawara da kaina ba. Na danna na kashe rubutun ƙasa, na ɗauki rimot na ɗauke sautin gaba ɗaya, na cusa shi cikin hijabina, na jawo kwamfutar na ɗora a cinya.

"Ke, lafiya?" in ji Musaddiq. "Maido mana."

"A'a."

"Kwamfutata ce fa."

"Talabijin ɗin Iya ne."

Daga bakin ƙofa Iya ta ce, "Nawa ne kam."

"Fadila, gaskiya nake nuna musu. Ke da kika yi jami'a, kin san abin da aka rubuta."

"Na sani. Na kalla." Na ƙara riƙe kwamfutar. "Sati nawa ka yi kana zagin masu shi don sun canja labari? Su da suka zana shi ma ba su tsaya kan magana ɗaya ba. Su ka bar su da nasu. Wanda aka yi a gidan nan, Goggo ce mai shi. Da kana ɗan yaro har alkyabba kake yi da zanen gadon Iya, kana cewa kai ne Maiturare."

"Ya ƙona mini shi da turaren wuta," in ji Iya.

Dariyar ta koma kansa. Amma Goggo ta riga ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa. A talabijin bakuna suna ta motsi ba sauti. Ban san abin yi ba, sai na buɗe baki na fara da kaina. Na ƙanƙance murya na ce, "Baba, na gan ka, daina ɓuya." Na yi ƙoƙarin kumbura maƙogwaro na ce, "'Yata, ki yi haƙuri." Abin ya fito kamar akuya mai mura. Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Kunya ta kama ni har kunnuwana, amma na ci gaba, ina ɓata shi iya ɓatawa.

"Kai, kai, kai," in ji Goggo daga tsaye. "Wa ya ce miki yana ba da haƙuri? Maiturare bai taɓa ba kowa haƙuri ba."

"To me ya ce?"

Ta kalli allon. Sannan ta cire takalmin, ta zauna, muryar nan ta taso daga ƙasa, ta fi ta da kauri. "Haulatu. Wa ya ce ki fito ba mayafi cikin wannan iska?"

Murja ta yi tsalle. Daga nan ba wanda ya sake jin Musaddiq. Ya ce ba haka ba ne sau biyu, Zubaida da kanta ta ce ya yi mana shiru, ta kife wayar a cinya don jaririnta ya motsa. Goggo ta bi su fage-fage. Sabbin mutanen da ba ta taɓa gani ba, nan take ta ba su suna da sana'a da garin da suka fito, ɗaya ma ta ce mutumin Ɓaure ne, daga tafiyarsa ta gane.

Ni kaɗai da Musaddiq muka san abin da ke tafe. Da Maiturare ya kai hannu ga ƙarfen, na yi tunanin in rufe kwamfutar in ce caji ya ƙare. Musaddiq ya harɗe hannu yana murmushi. Ban rufe ba.

Ƙarfen ya faɗi. Ba komai, sai hayaƙi.

Yara suka ja baya. "Mama, ina fuskar?" in ji Murja.

Da Goggo ta yi magana, da muryarta ta yi, ba ta Maiturare ba.

"Ta ƙare. Duk uban da ya daɗe bai dawo gida ba, haka yake komawa. Tun ana tuna hancinsa, har a manta."

Iya ta daina jan carbi. A allon, Haulatu ta ɗaga fitila. Goggo ta gyara zama ta ɗauki siririyar muryar yarinyar, ta sa mata ƙarfi.

"Ta ce, 'Ka isa haka. Na girma, na san hanya, kwale-kwalen ma ni na gyara abina. Je ka huta.'"

Hayaƙin ya watse. Kwale-kwalen ya juya ya nufi inda rana take.

Musaddiq ya yi gyaran murya. "A rubuce dai cewa ta yi..."

"Ba mu tambaye ka ba," na ce.

Ya miƙo hannu in ba shi rimot. Na bar shi cikin hijabina, na mayar da fim ɗin farko, don Goggo ta ce akwai wuraren da aka yi mata surutu ba ta ji abin da suka ce ba.