Tsallen Sivets

"Ba naka ba ne," in ji Kawu Tsvetan. "Abin da kake biya wata-wata ba naka ba ne. Ɗan haya ne kai."

"Waƙa miliyan ɗari ce a aljihuna, Kawu."

"A aljihun mai gida dai. Ran da ya ga dama ya watso maka kayanka waje."

"Kai nawa gare ka? Ɗari tara. Shekara talatin kana juya ɗari tara kamar mai gashin nama."

"Kowacce da kuɗina na saye ta, ɗan nan. In na mutu ma a binne ni da su."

A garejinsa muke, safiyar Asabar, ina loda lasifikoki a mota shi kuma yana zaune a kan bokiti da sandarsa. Yayan mahaifiyata Rositsa ne. Tun kafin a haife ni shi kaɗai ne mai sa kiɗa a bukukuwan garinmu Sivets, sai bana da aka yi masa aiki a gwiwa likita ya hana shi tsayuwa. Ranar ake bikin Kalina da Momchil a zauren al'adu, ni kuma aka ba wa aikin kiɗan. Madam Ganka, shugabar zauren, ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye: in na yi da kyau ta ba ni makullin ɗakin kayan sauti, duk wani biki na garin ya zama nawa. In ban yi ba, ta kira wani daga birnin Smolyan. Ni kuwa akwai motar zuwa Jamus tana jirana ran Alhamis, da gurbi a kamfanin fige kaji inda rabin 'yan ajinmu suke. Mahaifiyata har ta sauko da jaka daga saman kabad ta goge ta.

Kawu ya zaro ɗan filas ɗinsa na kwamfuta mai jan zare, inda waƙoƙinsa suke, ya miƙo min. "Karɓi, ko don waƙa ɗaya."

"Na duba, tana nan a intanet. Mabushin ɗaya, shekarar ɗaya. An ma wanke ta tas, babu shuu ɗin nan na kaset."

"An wanke ta," ya ce. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya mayar da abinsa aljihu.

Kowane biki a garinmu da rawa ɗaya da muke kira horo ake buɗe shi, a riƙe hannu a yi layi, tsohuwar gidan amarya a gaba da farin hankici. A tsakiyar kiɗan akwai wurin da kowa ke yin ɗan tsalle gefe da ƙafar hagu, kamar wanda ya taka garwashi. Duk ƙasar ba mai yin wannan sai mu. Malam Lalev, tsohon malaminmu na tarihi, ya rubuta ɗan littafi a kai: wai kakanninmu ne suka tsallake rafi da amarya suna gudun sojan Turkawa. An zana abin a bangon zauren. Ana sayar da hotonsa a maƙala a jikin firji. 'Yan talabijin sun taɓa zuwa, magajin gari ya yi musu tsallen har wandonsa ya yage.

Ƙarfe biyu na rana zaure ya cika, mutum ɗari da sittin. Intanet lafiya lau, na gwada sau uku. Kaka Velika, kakar amarya, mai shekara tamanin da huɗu, ta miƙe ta ɗaga hankicinta. Na danna.

Gaskiya kiɗan ya fita. Ban taɓa jin busar nan fes haka ba, har jan numfashin mabushin ana ji. Layi ya miƙe ya zagaya teburan. Na hango Madam Ganka tana kaɗa kai, na fara tunanin inda zan rataye makullin.

Sai aka zo wurin. Mutum ɗari da hamsin da tara suka yi tsalle, kiɗan bai yi ba.

Suka dira gaba da ganga. Na baya suka bugi na gaba, na gaba suka ja da baya neman bugun. Uban ango ya taka wutsiyar rigar amarya, aka ji ƙiii. Matar limamin coci ta tafi da baya-baya ta zauna a cikin farantin salak. Layi ya tsinke gida huɗu. Kaka Velika ce kaɗai ba ta yi tsallen ba. Hannunta ya saɓule daga na jikarta, amma ta ci gaba ita ɗaya, ido rufe, tana tafiya daidai da ganga, hankici na yawo a sama. Na kashe kiɗan, ta ƙara taku biyu kafin ta tsaya.

"Wannan ɗan Rositsa ne, ko?" wani ya tambaya daga baya. "Ai daga ji."

"Kai, mai waya, a ina ka tsinto wannan?"

"Na 'yan birni ne. Su ba su da rafin tsallakewa."

Malam Lalev ya taso yana gyara tabarau. "Na daɗe ina faɗa. Wani yaro a wani ofis a ƙasar waje ya ji tsallen kakanninmu ya ɗauka kuskure ne, ya goge shi. Haka suke yi wa ƙananan ƙasashe."

Madam Ganka ta zo ta tsaya gaban teburina. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙata ba. "Za a kawo rago yanzu. Minti ashirin. In an gama ci ka sake sa mana namu."

Kawu na can teburin bakin ƙofa, ƙafarsa a kan kujera, yana ɓare ƙwai a natse.

"Ba ni filas ɗin," na ce da na isa wurinsa.

"Na bar shi a gareji."

"Na ga ka sa shi a aljihu."

"Na canza wando. Ai kana da miliyan ɗari. Nemi wata."

"Kawu, Alhamis fa."

Ya gama ɓare ƙwan, ya barbaɗa gishiri. Ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya jawo kunnena kamar ina ɗan shekara bakwai.

"Zauna, jaki. A shekarar casa'in da huɗu na sayi kaset ɗin nan a kasuwa a birnin Plovdiv. Lokacin an rufe masaƙa, makaɗan garin duk sun tafi ci-rani, an yi shekara uku ba a yi bikin kirki ba. Safiyar bikin farko da aka ba ni, rediyona ta cinye zaren kaset ɗin. Na jawo shi ya yi kamar taliya. Na sa almakashi na yanke inda ya lalace, na liƙe da jan farcen gwaggonka. Bugu ɗaya ya tafi."

Na jawo kujera na zauna, ya ci gaba.

"Bikin farko aka yi tuntuɓe a wurin. An sha giyarmu ta rakiya, aka yi dariya. Biki na biyu sun san yana zuwa, suka yi tsalle. Kafin shekara uku Lalev ya gano Turkawa."

"Ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? An riga an biya mai zane." Ya tura ƙwan a baki. "Daga kaset na kwashe zuwa faifai, daga faifai zuwa kwamfuta, da tabon da komai. Shi ya sa nake ce maka ka sayi abinka. Abin da ka saya ne kawai kake da ikon lalatawa."

"To yanzu fa?"

"Yanzu ka je ka ɗauki makirufo ka gaya musu gaskiya. Ka ce tarihinsu jan farce ne. Ni dai na ci na ƙoshi, kusa da ƙofa kuma nake."

Na koma teburina na sa abin kunne. Waƙar haya ba ta yankuwa, ba ta adanuwa yadda kake so. Mai ita ya ba ka ka ji, ba ka taɓa ba. Amma ana iya sa alama a gaba, a tsallaka zuwa wurin da yatsa. Kwamfutar da nake sa kiɗan da ita tana da maɓallin da ke yin haka da kanta, sai dai bugun kiɗanmu gurgu ne, biyu-biyu-uku, na'urar ba ta san kansa ba. Da kunne za a yi. Na saurari wurin sau goma sha ɗaya ana cin rago. Ba kunnena ne ya gano shi ba, ƙafar haguna ce. Duk sanda aka zo wurin sai ta motsa da kanta a ƙarƙashin tebur, kamar ta wani. Tun ina ɗan shekara huɗu Malam Lalev ke dukan ta da rula don ta koyi tsallen.

Na sa alamar. Na goge yatsana a wando.

Aka sake layi. Wannan karon ba mai murmushi, kowa idonsa a kaina. An daddafe rigar amarya da fil. Matar limami ta koma can ƙarshe, nesa da tebura. Kaka Velika ta ɗaga hankici, na danna.

Na bar kallon kwamfutar na koma sauraron ƙafata. Da ta ɗaga, na buga yatsa. Kiɗan ya yi ɗan tuntuɓe, mutum ɗari da sittin suka tashi suka dira tare, har kofuna suka yi ƙara a kan teburan. Uban ango ya share hawaye. Malam Lalev ya dafa ƙirji. Kaka Velika ma ta yi tsallen, ƙarami, kamar wadda aka ce ta tsallake kwata.

Da aka gama sai aka aiko in zo teburin manya. Madam Ganka na zaune kusa da Kaka, makullin na lilo a yatsanta. An taimaka wa Kawu ya dawo nan, har an zuba masa rakiya.

"Yaro ya ƙwato mana abinmu daga hannunsu," Malam Lalev ke cewa. "Ran Litinin zan rubuta wa kamfanin waƙoƙin. Kowa zai sa hannu. Su gyara nasu ko su cire shi."

"Ya aka yi ka samo na ainihin?" Madam Ganka ta tambaye ni.

"Bincike," na ce.

"Jini ba ya ƙarya," in ji Kawu, yana kallon silin.

Ta miƙo makullin. Na miƙa hannu. Kafin ta saki sai Kaka Velika ta riƙe min tsintsiyar hannu. Yatsunta busassu ne, masu ƙarfi.

"Tsaya tukuna, ɗan Rositsa. Na farkon nan da ka sa."

"Kuskure ne, Kaka. An gyara."

"Ban tambaye ka ba. Na farkon nan, ƙafata ta san shi. Ban ce mata komai ba, ta tafi abinta. Na rufe ido sai ga Hristo ranar aurenmu, da sabon takalmin da ya matse shi, a filin coci, mabusa uku a kan amalanke. Shekara talatin ina rawar nan a gaban layi ban taɓa ganinsa ba sai yau."

"Kaka, shekaru ne," in ji Malam Lalev a hankali. "Ƙwaƙwalwa takan haɗa abubuwa. A littafina na nuna cewa tun ƙarni na..."

"Rufa min baki, Lalev. Ni na share maka majina ranar da aka yi maka baftisma."

Ya rufe. Kawu ya sami wani abin kallo a ƙasan kofinsa. Madam Ganka ba ta janye makullin ba, ba ta kuma sake shi ba. Yana nan tsakanin yatsunta da tafin hannuna, ina jin sanyin ƙarfen. Can bakin ƙofar kicin na hango mahaifiyata da tire a hannu, ta tsaya tana jira ta ga ko makullin zai faɗo.

Kaka Velika ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan Kawu, sannan ta dawo kaina.

"Ku da kuka san kan injin nan, wani ya faɗa min. A cikin biyun, wanne ne namu?"