Aljihun Auta

Karo na huɗu ke nan Dakta tana juya hoton a fuskar kwamfuta. Ta dube shi ta gaba, ta dube shi ta baya, ta kifa shi. Ko ta ina ta ɓullo masa abu ɗaya take gani: babu aljihu.

Hoton na wani furotin ne, sinadarin jikin wata ƙwayar cuta da ta daina jin magani, kuma da shi take farfasa maganin tun kafin ya yi aiki. Shekara uku Dakta ta yi tana tace shi a ɗakin sanyi, da rigar sanyi biyu a jikinta ko da rana na ƙuna a waje, tana lallaɓa shi ya daskare ya zama 'yan ƙwayoyi kamar na gishiri, don sai a haka ake iya haska shi a ga siffarsa. Watan jiya ƙwayoyin suka fito. Aka aika su wata cibiya mai nisa da ke da na'urar haskawa, yau da safe kuma hoton ya gama haɗuwa.

A siffar da kwamfuta ta yi hasashe tun farko, akwai wani ɗan lungu a gefen furotin ɗin, wanda kowa a ɗakin gwajin ke kira aljihu. A hoton gaskiya kuwa, wata jela ta furotin ɗin ta lanƙwaso ta kwanta a bakin lungun, ta rufe shi ruf.

Aljihun nan shi ne digirin Auta.

Auta ƙanin mijinta ne, ita ta kawo shi wajen Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, ta ce a gwada shi. Hannunsa bai da kyau a aikin kwalabe, duk abin da ya taɓa sai ya zube, amma a gaban kwamfuta ba a ja da shi. Shekara huɗu ya yi yana ƙera wani guntun furotin da zai shige aljihun ya cije, ya hana uwar furotin ɗin aiki, magani ya samu hanya. Saura kwana tara ya tsaya gaban malamai ya kare kundinsa.

Aka turo ƙofa da ƙafa. Auta ne, kofin shayi a kowane hannu.

"Matar Yaya, na ji an ce gishirinki ya yi magana."

Ta sauke hoton daga fuskar kwamfutar kafin ya ƙaraso.

"Gishirin gidanku. Bai gama haɗuwa ba."

"Shekara uku! Ni da kwamfutata da yamma ɗaya muka gama wannan aikin, amma kin ce sai kin gani da idonki." Ya ajiye mata kofi a inda ta sha hana shi ajiyewa, kusa da takardu. "Farfesa ya ce takardar amincewa da kundina tana jiran sa hannunki. Yau ne ƙarshe."

"Na sani. Kai dai je ka rage wannan sumar kafin ranar, kada malaman su ɗauka ka ɓato hanya ne."

Ya yi dariya ya fita. Ta ɗauke kofin daga kan takardun, ta goge zoben ruwan da ya bari.

Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Mutum ne mai magana a hankali, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ya yi saurin yanke hukunci ba. Ya sa tabarau ya dubi hoton a kwamfutarta ta hannu har kusan minti biyar.

"Ƙwaya nawa aka haska?"

"Uku, ranka ya daɗe. Kowace da irin ruwan da ta fito a ciki. Duka ukun a rufe yake."

"To." Ya cire tabarau. "Aiki ya yi kyau. Wannan maƙala ce babba."

"Auta fa?"

"Kundinsa a kan hasashe yake, kuma ya rubuta cewa hasashe ne. Lokacin da ya rubuta babu wanda ya ga wannan hoton. Bai yi ƙarya ba." Ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin wasu ya tura gabanta. Sa hannunsa na sama, layinta na ƙasa ba komai. "Idan hoton nan ya gama haɗuwa nan da mako biyu maimakon yau, wa ya yi asara?"

"Amma yau ya haɗu."

"Ni da ke muka sani."

Ta karanta jimlar da ke saman layin. Cewa take mai sa hannu ta duba aikin, kuma iya saninta abin da ke ciki daidai ne.

"Ofis na rufewa ƙarfe huɗu," in ji Farfesa. "Ɗan gidanku ne, Dakta. Ba zan shiga tsakani ba."

Ta ɗauki takardar ta fito.

Da rana ta tafi ɗauko 'yarta daga makaranta. Tana zaune a mota a bakin ƙofar makarantar, tana jiran a kaɗa ƙararrawa, ta kira maigidanta. Yana shagonsa na fenti, tana jin ƙarar injin gauraya a bayansa. Ta yi masa bayani a taƙaice.

"Tsaya," ya ce, ya fita waje inda babu ƙara. "Wato yaron ya yi satar amsa?"

"A'a."

"Ya ƙirƙiri wani abu?"

"A'a. Abin da ya gina aikin a kai ne babu shi."

"To laifin wa?"

"Ba laifin kowa ba ne."

"In ba laifin kowa ba ne, me ya sa shi zai biya?" Ya sassauta murya. "Dakta, tun yana ɗan shekara tara nake riƙe da yaron nan. Kin san sau nawa Mama ta tambaye ni ranar? Jiya har ta sa na kai ta a gyara mata tabarau, wai don ta gan shi da kyau. Ki bar shi ya haye. Bayan nan ku gyara abinku, ku da kuka san kansa."

"In ya haye, wasu za su karanta. Wani zai ɗauki shekara biyu yana neman aljihun da babu."

"Wani wa? Kin san shi?"

"Ban san shi ba."

"To ni na san Auta."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko. Ta ce sai ta dawo gida, ta kashe wayar. 'Yar ta shigo da takalmi ɗaya a hannu saboda maɗaurinsa ya tsinke, tana ba da labarin wata da ta yi amai a aji. Dakta ta sauke ta a gidan ƙanwarta, ta juya kan motar.

Uku da kwata ta tarar da Auta a kusurwarsa, bayan firiza, yana gyara hotunan da zai nuna ranar. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta buɗe kwamfutarta ta ɗora a kan gwiwa.

"Ɗazu na ce maka bai haɗu ba. Ya haɗu."

Ya kalle ta, ya kalli hoton. Ya karɓi kwamfutar. Shi ma ya juya shi ta gaba, ya juya shi ta baya, ya kifa shi. Firiza ta tayar da injinta, ta yi ta gurnani.

"Matsi ne," ya ce. "A cikin ƙwaya suna cunkushe, maƙwabcinsa ne ya danne jelar."

"Na duba. Iri uku ne, zamansu daban-daban. A biyu babu abin da ke taɓa wajen."

"To ruwan da kika..."

"Shi ma daban-daban."

Ya mayar mata da kwamfutar. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Shi ya sa a kwalba guntun nawa bai taɓa yin wani abin kirki ba. Na ce ko ba a tace guntun da kyau ba ne."

"Ni ma haka na ce."

"Farfesa ya gani?"

"Ya gani. Ya ce kundinka hasashe ne, ba ka yi ƙarya ba, kuma gaskiyarsa. Ga takardar." Ta ajiye ta a kan tebur. "Ban sa hannu ba. Ban so kuma ka ji daga bakin wani."

"Yaya ya sani?"

"Ya ce in bar ka ka haye."

Auta ya yi ɗan murmushi. Bai taɓa takardar ba. Ya juya ga tasa kwamfutar, ya rufe hotunan da yake gyarawa, ya shiga wata ma'ajiya, daga ita ya shiga wata, har ya kai ga wadda aka rubuta wa suna Shara.

"Bara waccan," ya ce, idonsa a kan allon, "na sa kwamfuta ta kwaikwayi motsin furotin ɗin a cikin ruwa. Sau ashirin. Sau goma sha bakwai aljihun ya zauna a buɗe. Sau uku jelar nan ta faɗo ta rufe shi, ba ta sake tashi ba. Waɗancan ukun su na bari suka fi daɗewa suna gudu."

"Ba su cikin kundin."

"Na ɗauka na yi kuskure ne wajen saiti." Ya shafa ƙeya. "Ko dai na so in ɗauka haka. Wallahi, Anti, ban san wanne ba ne."

Rabon da ya kira ta Anti tun yana sakandare. 

"Turo min naki."

Ta tura masa. Ya buɗe ɗaya daga cikin ukun, ya ba shi launin ja, ya ba nata shuɗi, ya ce wa kwamfuta ta ɗora ɗaya a kan ɗaya. Suka zauna kamar abu guda. Jelar ja ta kwanta daidai inda jelar shuɗi take, har ɗan karkacen da ke ƙarshenta.

"Kai!" Auta ya buga tebur. "Kin gani? Dubi nan! Ko gashi bai shiga tsakani ba!"

Dariyar ta ɗan jima a fuskarsa kafin ya tuna abin da yake yi wa dariya, ta sauka.

Agogon bango ya nuna huɗu saura kwata. Daga baranda ana jin sakatariya tana jan tagogi.

"In aka ɗaga, sai yaushe?" ya tambaya.

"Zama na gaba nan da wata bakwai."

"Babi na huɗu duka zai tafi?"

"Da rabin na biyar. Amma abin da zai maye gurbinsu ya fi su."

"Wannan ke za ki faɗa. Ni wata bakwai nake ji." Ya ɗauki takardar, ya karanta jimlar da ke saman layin, ya miƙa mata. "Riƙe abarki. In kin je gida ki ce wa Yaya ni na ce a ɗaga, ba ke ba."

"Ba zai yarda ba."

"Ba zai yarda ba," ya amsa.

Ta ninke takardar ta sa a jaka. Ba ta tashi ba, shi ma bai ce ta tafi ba. Ya koma kan ma'ajiyar Shara, ya danna sunanta, ya goge haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana kallon wurin da ba komai. Sannan ya rubuta: Babi na huɗu.